Tankin da ke Numfashi

Ku samarin da ke tsayawa ƙofar shagona a Anka kuna cewa in koya maku aikin tanki kafin sati ya zagayo, don kun kalli bidiyo a waya, ku sami wuri ku zauna ku karanta wannan. Ni aji biyu na yi a sakandare na aje, amma abin da hannuna ya taɓa na iya rubuta shi. Wani cikinku ya ce mani wai ai aikin duka rami ne da bututu da siminti. To, rami da bututu da siminti sun kusa cin rijiyar gidan Malam Sani a Gummi, kuma da sunana za su ci ta.

Sunana Mamman. Mamman Salga ake ce mani a bayan idona, marasa kunya kuma a gabana. Ban daina jin haushi ba, na dai daina nunawa. Masu kirana hakan su ne ke damuna da waya tun da sassafe ranar da gidansu ya fara wari, kuma ranar Malam Mamman nake.

Rijiyar da nake magana, mahaifin Malam Sani ne ya gina ta da hannunshi tun gidan bai wuce ɗaki biyu ba. Da ita masallatan unguwa ke alwala, nan maƙwabta ke ɗiba. Unguwar tana gangaren fadama, ruwa kusa yake, gina kaɗan za ka yi ka ga ƙasa ta fara zufa. Gida ya cika da 'ya'ya da jikoki da baƙi masu zuwa ɗaukar karatu. Salga ta cika anka gina wata, ita ma ta cika anka gina wata, kowace tana matsowa wajen rijiya don fili ya ƙare. Wata damina ruwan rijiya ya canza, yara sunka fara gudawa. Duba-gari ya zo ya jawo guga ya sansana, ya ce abu biyu ne: ko a raba ƙazantar gidan da rijiya, ko ya sa a cike ta da ƙasa a shafe bakinta da siminti.

Ɗan Malam da ke aiki Gusau shi ya nemo ni. Na zo na duba na ce sokawe ba ta yi a nan. Sokawe ƙasa take ba ƙazanta ta sha, ƙasar kuwa ita ke shayar da rijiya. Na ce sai tanki mai iska.

Malam ya aje littafin da ke hannunshi ya ce, "Mamman, mi ne ne kuma tanki mai iska?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tanki ne mai rai. Dabbobi zan zuba maka ciki."

"Dabbobi cikin salga?"

"Ƙanana ne, ido bai ganinsu. Ba su son dusa, ba su son harawa. Abin da mutanen gidanka sunka kai bayi shi ne tuwonsu. Abu guda suke nema gare ka, iska, dare da rana."

Malam ya ce, "Allah mai halitta. Su ma da nasu rabon."

Bayan labule na ji wata tsohuwa ta ja tsaki. Inna Kulu ke nan, mahaifiyar Malam, matar wanda ya gina rijiyar. Ku riƙe sunanta.

Ni ma ranar da na fara jin zancen dabbobin nan dariya na yi. Lokacin haƙar salga da rijiya nake yi a Anka. Shekarun da gubar dalma ta kashe yara a su Dareta, baƙin ma'aikatan lafiya sunka cika gari, anka gina masu masauki, anka kawo wani Banufe, Baba Ndagi, ya yi masu tanki. Ni haƙa rami kawai anka ɗauke ni. Na gama haƙa na ƙi tafiya, don ban taɓa ganin ana sa ma salga inji ba. Baba Ndagi ba ya koyarwa da baki. Bayan tankin ya kama aiki ya buɗe murfin tsakiya ya ce, "Sa hanci." Na ja baya. Ya kama ƙeyata ya danna. Na ji ƙamshin ƙasa irin na ranar ruwan farko. Ya ja ni bayan wani gida mai tsohuwar sokawe ya ɗaga murfi ya ce, "Sa hanci." Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni har hawaye. Ya ce, "Waccan tana samun iska, tana raye. Wannan ba iska, ta mutu. Aikinka duka kar ka bari ta mutu." Na bi shi shekaru ina ɗaukar mashi kaya ina shan zagi, amma karatun duka ranar ya ba ni shi.

A Gummi, da damina ta ɗauke, munka haƙa nesa da rijiya iyakar yadda filin gidan ya bari. Tankin ɗaki uku ne a jere cikin ƙasa, na bulo, a shafe ciki da waje da siminti mai ƙarfi. Kafin a haɗa shi da bayi sai ka cika shi da ruwa ka yi alama a bango, ka bar shi ya kwana ya wuni. In ruwa ya sauka daga alamar, yana yoyo, ka kwashe ka sake shafe. Samarin da ke sauri nan suke tsallakewa. Kuma a ƙasa mai ruwa ba a barin tanki wayam, don ruwan ƙasa yana iya turo shi sama ya tsage, kamar yadda tulu ke tasowa in ka danna shi cikin kogi.

Ɗaki na farko shi ke karɓar duk abin da ya fito bayi da wurin wanka. Mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya bi ta bututu ya wuce ɗaki na biyu. Ɗaki na biyu nan dabbobin suke. Akwai ɗan inji a waje, girmanshi bai wuce bulo guda ba, aikinshi aikin zuga-zugin maƙera. Yana tura iska ta bututu har gindin tanki, inda take fita ta wata roba mai ƙananan ƙofofi. Ƙananan kumfa ake so, irin na lemun kwalba. Manya tserewa sama suke yi ba su bar komai a ruwa ba. Iskar tana shayar da dabbobin, tana kuma juya masu abinci ya iske su. Suna ci suna haɗuwa dunƙule-dunƙule, ruwan ya zama ruwan ƙasa-ƙasa kamar kunun da anka dama da kauri. Ɗaki na uku shiru ne, ba iska ba motsi, gindinshi a gangare. Dunƙulen nan su kwanta su silale su koma ɗaki na biyu su ci gaba da aiki, ruwan sama mai haske ya bi ta kan ƙwayar kulorin ya fita. Na gidan Malam na kai shi can ƙarshen gida, cikin kwalbatin tsakuwa tsakanin ayaba da gwaiba. Ruwan ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, na itace ne. Wanda ya ce maku ana sha, ku ce ya fara.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwalba mai haske, wadda nake ɗibar ruwan ɗaki na biyu in aje a inuwa in ga yadda zai kwanta. In lafiya yake, dunƙulen su sauka su bar ruwa garau a sama. Doguwar sanda naɗe da farin ƙyalle, in tura ɗaki na farko in ga inda baƙi ya tsaya, in san ko lokacin kwashewa ya yi. Tocila, safar hannu, sai hanci. Doka guda ce ba ni sassautawa: ba a shiga tanki, ko wayarka ce ta faɗa. Na sallaci gawar wanda ya shiga ɗauko shebur.

Injin na gina mashi ɗan ɗaki kamar akurkin kaji, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, saboda awaki da ruwan sama da masu dogon hannu. Na fitar da bututu guda daga akurkin ya taso kamar tsayin ƙugu, ta nan yake jan iska. Wurin kusa da bayin mata ne. Na ɗauko irin dabbobin a jarka daga wani lafiyayyen tanki a Anka na zuba. Tsofaffin salgogi anka kwashe, anka zuba farar ƙasa anka cike. Rijiya anka yashe. Duba-gari ya dawo ya gani ya gyaɗa kai. Duk lokacin rani tankin ya yi ta aiki, ayaba ta yi kore shar, na manta da Gummi.

Ana shiga bazara Malam ya kira ni ya ce bayan gida na wari.

Na zo da hantsi. Gidan malamai ba a shiga kai tsaye, sai an yi sallama mata sun shige ɗaki, kuma Inna Kulu ce ke raka ni, tunda ita ta wuce ɓuya. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna tana kallona. Na ɗaga murfin tsakiya. Baƙi wuluk, warin ƙwai. Amma inji na aiki, kumfa na tashi. Tanki ya mutu alhali yana samun iska. Ban taɓa gani ba.

Zargina na farko izal ne, saboda abin da ya same ni a Bukkuyum. Can wani mutumin gabas mai sayen zinari hannun masu haƙa na yi ma tanki. Zai yi amarya, ƙannenshi mata sunka wanke bayi da izal da haifo kamar za su yi ma gidan wankan gawa. Abin da ke kashe cuta a bayi shi ke kashe dabbobina, ba ya tambayar wane ne nagari. Ranar da anka kawo amarya tanki ya mutu, 'yan kawo amarya sunka ci shinkafa hannu a hanci. Ango ya zage ni tas a gaban mutane. Na tafi ruga na roƙi ɗanyen kashin shanu don in ta da tankin, shi ma yana ɗauke da irin dabbobin. Bafulatanin ya bi ni da kallo ya ce, "Kaɗo, kashin nagge za ka kai ya wanke na mutum?" Na ce eh. Ya kira matarshi ta zo ta ji. Tankin ya tashi, ango bai ba ni haƙuri ba har yau.

Don haka na ce, "Inna, wa ke zuba izal?"

Ta ce, "Ba mai zubawa. Ni na hana. Ba kai ka ce dabbobinka ba su so ba? Ko omo na ce a rage. Ni da nika kiwon tumaki tun ba a haihe ka ba, ba ni kashe ma mutum bisashe."

Na bincika ko man girki ake zubawa, ko leda, ko ƙunzugun yara. Babu. Na kwashe rabin baƙin ruwan, na sake kawo iri daga Anka. Ya ɗan farfaɗo, ya sake mutuwa. Wannan karon na buɗe injin na iske robar da ke bugun iska a ciki ta tsage, jikinshi da alamar ya yi zafi sosai.

Zargina na biyu wuta ce, kuma a kan wuta ina da tabo. Shekarar da anka rufe kasuwanni anka yanke layin waya anka hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, janareta duka sunka yi shiru. Tankunan da na gina daga Anka zuwa Bukkuyum sunka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ba mai iya kirana, ba ni iya zuwa. Da hanya ta buɗe, mutane ba su ce fetur ne ya yanke ba, cewa sunka yi Mamman ya sayar masu da ƙarya. Na koma haƙar salga da hannu kamar ban taɓa sanin Baba Ndagi ba. Tun daga shekarar ba ni ɗora tanki kan janareta. Sola nake sawa da batir da zai kai shi wayewar gari. Na auna batirin gidan Malam, lafiya lau. Na bi waya kaf, ba inda ɓera ya ci. Na sa sabuwar roba, na sake zuba iri, na tafi. Ya sake mutuwa.

Kafin nan hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wani maƙwabci ya kai ƙara saboda wari, duba-gari ya dawo. Ya tsaya kan kwalbatin ayaba ya ga baƙin ruwa kwance. Ya ce in ruwan sama mai ƙarfi ya iske wannan haka, zai kwashe shi ya bi ƙasa ya koma rijiya, shi kuwa ba zai jira yara su sake kwantawa ba, cike ta zai yi. Na so in ji haushinshi, amma gaskiya ya faɗa.

Da ya tafi Malam ya ja ni zaure ya ce, "Mamman, in abin ga bai yi, hwaɗa mani gaskiya. Inna ba ta cin abincin kirki tun da ta ji za a cike rijiya."

Daga ciki ta ɗaga murya ta ce, "A hwaɗa ma duba-gari in ya zo da ƙasarshi ya hwara da ni. Ni na riƙa ja ma Malam babba ƙasa da igiya sadda shika ginarta, ina da cikin wanga da ka gani zaune."

Ga abin da bidiyonku ba zai gaya maku ba. Duk zuwan da nake yi da hantsi nake zuwa, kafin la'asar na kama hanya, don hanyar Gummi zuwa Anka ba a yi mata yamma. Ban taɓa ganin tankin nan bayan rana ta faɗi ba. Ranar na ce ba ni komawa, zan kwana a zaure in ji abin da ke ci mani dabbobi.

Ana kiran magariba ina bayan gida ina wanke hannu, sai na ji muryar inji ta canza. Da yana gunji a hankali kamar kyanwa, yanzu ya koma nishi kamar wanda anka shaƙe. Na zagayo. Ga Inna Kulu tsaye kan bututun iska, ta cusa tsumma a bakinshi tana danna shi da gindin sandarta, bakinta na motsi da addu'a.

Na ce, "Inna! Mi kike yi?"

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce, "Abin da uwarka ta kamata ta koya maka. Wa ka barin bakin salga buɗe da magariba? Ga mai jego a ɗakin can, ga jinjiri ko arba'in bai yi ba."

Ashe matar jikanta ta haihu farkon bazara, ɗakinta kuwa shi ne mafi kusa da wurin. Kowa a ƙasar nan ya san salga mazaunin aljanu ce, kuma magariba ce lokacin fitarsu. Murfin salga ba don ƙuda kaɗai ake sa shi ba.

Na ce, "Inna, wanga ba bakin salga ba ne. Hancin inji ne."

"Hanci ko baki, rami ne da ya tahi salga. Na aza hannu na ji shina ja. Abin da ka ja shina iya turowa."

"Tun yaushe kike toshe shi?"

"Tun ranar da anka haihu. Kuma kar ka dube ni haka, ban zalunci bisashenka ba. Rana na hitowa nika cirewa su sha iskarsu."

Na ce, "Inna, ke da rana kaɗai kike numfashi?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ji ɗan banza mai warin salga."

Na zare tsumman, inji ya sauke nishi. Na gaya mata a fili, ba kwana-kwana: tsumman nan shi ke kashe tanki, mutuwar tanki ita za ta sa a cike rijiya. Ta dubi wajen rijiya, ta dubi ɗakin mai jego. Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta tsummanta.

Malam ya dawo masallaci ya iske mu haka. Na zayyana mashi. Na zaci zai ce Inna ta bari. Sai ya ce, "Mamman, ruhe abu da magariba ba Inna ta ƙago shi ba. Kuma ba ni iya ce ma uwata ta kwana da tsoro. Kai ne mai sana'a, ka nemo hanya."

Haka ake yi mani kullum. Kowa ya ɗauko nashi ya aza mani, sannan a ce Mamman Salga.

Na yi tunanin in ɗaga bututun sama da ginin. Za ta sa a hau a toshe. In sa mashi keji da kwaɗo, za ta daina barci, ranar da jinjirin ya yi zazzaɓi kuwa da guduma za a fasa injin. Ina zaune a zaure ina wannan lissafi anka kawo mani fura a ƙwarya, rufe da faifai. Na ɗauki faifan na koma ƙofar ciki na yi sallama.

Na ce, "Inna, wanga murfi ne?"

"Makaho ma ya san murhi ne."

Na kara shi a baki na hura, ko iska za ta wuce. Ko kaɗan. Ta fashe da dariya ta ce, "Hura har gobe. Saƙata ce. Tun ina budurwa ba a taɓa hango rana ta cikin faifaina ba."

Na ce, "To na raguwar mace fa, mai sako-sako, wanda ana ganin mutum ta cikinshi? Shi ma murfi ne?"

"Murhi ne, sai dai na raguwa."

"Aljani na ƙetare shi?"

Ta ce, "Kai jahili ne. Ba ƙarhin murhi ka tsare su ba, bisimilla ce. In ka yi bisimilla ka ruhe, ko kara guda ka gicciya, an ruhe."

Malam yana gefe ya ce, "Haka yake."

Na ce, "To Inna, saƙa mani na raguwa. Babba, mai manyan ƙofofi. Ki yi bisimillarki ki aza, su dabbobina su sha iska ta ciki."

Da na ce mata ta shiga tankin da ba ta ji zafi haka ba. Ta ce ita Kulu, da faifanta ke zuwa kayan auren 'ya'yan manya, a ce da tsufanta ta yi saƙar da ko yarinya mai koyo za a doke ta a kai? Ta ce in je kasuwa in sayo. Na ce in na sayo ba za ta yarda da shi ba, kuma ta san haka. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da Banufen da ya koya mani wannan aiki. Daren nan ita ba ta toshe bututun ba, kwando ta kife a kai ta aza dutse.

Da safe na iske ta bakin rijiya da kaba a jiƙe cikin tasa, tana saƙa tana tsaki. Sau da yawa hannunta ya manta ya matse, sai ta warware ta sake. Ni kuma na yanke gindin wani bokitin roba na haɗa shi da kan bututun, bakin ya yi faɗi yadda iska za ta wadata, na shimfiɗa soso a ciki ya tare ƙasa da ƙwari. Da ta gama ta jefo mani faifan ba ta dube ni ba. Ban taɓa ganin mummunan faifai irinshi ba. Na aza shi, na kasa kunne. Muryar inji ba ta canza ba.

Na kwashe baƙin ruwan kwalbati anka kai daji, na canza tsakuwar, na sake kawo iri. Farko farar kumfa ta taso kamar ta sabulu, alamar dabbobin ƙanana ne suna tasowa. Sannan kumfar ta kwanta, ruwa ya fara komawa ruwan ƙasa. Ina zuwa ina ɗiba a kwalba, ina duban gabas. Inna na zaune tana tambaya, "Sun ci? Sun ƙoshi?" Ranar da na ɗaga murfi na ji ƙamshin ruwan farko, na ce ta zo ta sa hanci. Ta ce in sa na uwata.

Ruwan sama ya sauko da ƙarfi, irin na Gummi da ke cika lungu. Bayan ya ɗauke duba-gari ya zo. Ya duba kwalbatin ayaba, ya jawo guga, ya sansana, ya ɗiba a kwalbarshi ya tafi da ita. Bai dawo da tifar ƙasa ba.

Yanzu in anka kira ni aiki, kafin in tambayi mutum nawa ke gidan, kafin in auna fili, sai na tambaya ko akwai tsohuwa. In akwai, da ita nake fara shawara, kuma ba ni barin gari sai na ga magariba a gidan. Wanda ke son koyon aikin nan cikinku ya zo, amma ya sani ranar farko ƙeyarshi zan danna.

Kwanan baya na bi ta Gummi duba tankin. Jinjirin nan har yana gudu. Inna na nan, kullum da magariba sai ta ɗaga faifan ta yi bisimilla ta mayar. Ina tsugune ina ɗibar ruwa a kwalba, wata baƙuwa da ta zo gaishe ta ta hango shi ta ce, "Inna, wace raguwa ce ta saƙa wancan abin?"

Inna ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce, "Mamman Salga ne. Namiji ne, a yi mai haƙuri."

Na karɓi laifin. Na jawo guga na yi alwalar azahar, ruwan garau har ina ganin gindin buta, sannan na kama hanyar Anka.